Ƙofar Katako da Minti Biyar

A gasar wasan kwaikwayo ta wancan zamani, minti biyar ake bayarwa. Ƙungiyar da ba ta kwashe kayanta daga dandamali kafin ƙararrawa ba, ta fita daga gasa.

Ana rufe labule, jama'a na ta tafi, Kafinta ya kama gefe ɗaya na ƙofar katakon da ya ƙera, Malama mai ɗinka wa ƙungiyarsu kayan wasa ta kama ɗayan. Jibi za ta koma wani gari da aiki, shi kuwa shekara uku yana haɗiye maganarsa.

A tsakiyar dandamali ya tsaya cak.

"Malama, in turo iyayena?"

"Kafinta, kanka ɗaya kuwa? Saura minti biyu!"

"Na sani. Ni ma kwana biyu suka rage mini."

Shugaban ƙungiya na can gefe yana yarfa hannu kamar zai yi kuka. Malama ta leƙo ta gefen ƙofar. Kafinta ya kafa mata ido, yana jiran amsa.

"Gobe da safe Baba yana gida," ta ce ƙasa-ƙasa. "To, ɗaga mana!"

Da gudu suka fice suna dariya, ƙararrawa ta kaɗa a bayansu.