Marainiyar da Nu'man Ya Kama

"A cire yarinyar nan daga layin shinkafa! An ce ubanta na raye."

Nu'man ke nan, mai duba tallafin marayu a unguwar Briqueterie. Tun da aka zaftare albashi, kama marayun bogi kaɗai ke tuna masa shi ma ma'aikaci ne.

"Yarinya, me ya hana ɗan banzan ciyar da ke?"

"Inna ta ce aiki ya yi masa yawa. Marayu yake dubawa."

Tsohuwa mai rabon shinkafar ta yi gyaran murya. "'Yar Karimatu mai ɗinki ce, yallaɓai."

Karimatu dai, matarsa da ya sake ta tana da ciki. Nu'man ya dubi kunnuwan yarinyar, fato-fato irin nasa.

"A auna mata," ya ce a hankali. "Marainiya ce."