Mangwaron Ɗan Azumi da Ledar da Ba Ta Ruɓewa

Gwiwoyin Ɗan Azumi sun gaji da ci-rani. Ya yanke shawara ya cika garkarsa ta bakin tabkin Madarumfa da mangwaro, itatuwan su ciyar da shi in tsufa ya zo, ya huta da tsallaka iyaka.

A gidansu, matarsa Rabi ce ke saƙa ƴan kwanduna na kaba, a cika su da ƙasa da taki, a reni iri a ciki. Ranar dashe sai a binne har da kwandon. Kaba ta ruɓe, saiwa ta wuce abinta.

Shekarar da darajar sefa ta faɗi, sai ya dawo daga kasuwar Ɗan Issa da damin baƙar leda.

"Aje saƙar nan, Rabi. Duniya ta ci gaba, ke kina nan kina kokawa da goriba."

"To Malam, wagga aba tana ruɓewa kuwa?"

"Ruɓewa? Ai kyawunta ke nan, ba ta ruɓewa! Mai ita har rantsuwa ya yi mini."

A yi wa mai ledar adalci: bai yi ƙarya ba.

Rabi ta kwashe kwandunan da ta riga ta saƙa ta ba maƙwabcinsu Gambo. Shi kuwa Ɗan Azumi ya reni irinsa a leda, ya kuma dasa yadda hannunsa ya saba, wato har da mazubin.

Rani da damina yana ban ruwa. Itatuwan suka kai ƙugu suka tsaya, ganye ya yi rawaya. Na Gambo kuwa sun wuce shinge. Ɗan Azumi ya zargi ƙasa, ya zargi taki, daga baya ya gano cewa bakin Gambo ne, ya daina amsa gaisuwarsa. Leda kaɗai ba a zarga ba, domin tana ƙarƙashin ƙasa tana cika alkawari.

Wata iskar farkon damina ta kwantar da itatuwan kamar an yi shara. Ya ciro guda: saiwar ta nannaɗe kamar gammo, ta shaƙe kanta. Ledar kuwa na sheƙi, sai ka ce jiya aka saye ta.

Gambo ya leƙo ta kan shinge. "Sannu, maƙwabci. Mangwaro dai bai yi ba, amma leda ta yi albarka."

Bayan girbi, Ɗan Azumi ya hau motar iyaka yana ɗingishi. Rabi ta ƙunsa masa guzuri a ganyen kalgo.

Jama'a, kaba da ganye in sun gama aiki taki suke zama. Leda kuwa ba ta san an sallame ta ba. Kafin ku ba ƙasa ajiya, ku tambaya ko za ta iya cinye ta.