Tsakanin Hawa na Huɗu da na Biyar

Saura minti ashirin da biyar a rufe karɓar takardun harajin bana, lifta ta yi wani irin gurnani, ta girgiza, ta tsaya cak tsakanin hawa na huɗu da na biyar.

Mutum uku ne a ciki: wata dattijuwa mai sayar da yadi, wani tela da tef ɗin awo a wuya, sai mutumin da matarsa ta laƙaba wa suna Sai-gobe. Ba ta zalunce shi ba. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidansa, sai an yi wata ana laluben ƙofa. Wata uku cur tana yi masa tunin harajin nan, amma sai yau da safe ya zazzage ledar rasit a tsakar ɗaki. Rasit ɗin ƙarshe ma a ƙarƙashin gado ya samo shi, manne da wani kwalin kayan aiki da ya saya tuntuni, ko ɓare shi bai yi ba.

Ba tarar makara ce ta fi damunsa ba. Kwangila ɗaya tak gare shi a duniya, da ita ake ci, da ita ake biyan haya, kuma ƙarshen watan nan za a sabunta ta. In babu shaidar biyan haraji, babu sabuntawa. Teburin da ake buga hatimin yana hawa na bakwai, ƙarfe huɗu kuma ake rufewa.

Da ma shi a ginin nan matakala yake bi, ko hawa nawa ne. Yau ce kawai agogo ya kore shi ya shiga lifta, yana addu'a a ransa.

Dattijuwar ta kai yatsa kan maɓallin ƙararrawar neman agaji, ta danna, ta sake dannawa.

"Inna, kar ki wahalar da yatsanki," in ji Sai-gobe. "Ba ta aiki."

"Kai ya aka yi ka sani, ɗana?"

"Ai da gani."

Ya ja baya ya manna gadon bayansa da bango, daidai gefen maɓallan, ya rungume ledarsa. Fankar sama ta mutu. Wurin ya ɗauki zafi kamar cikin tukunya, gumi ya fara jiƙa masa takardu. Saura minti goma sha bakwai.

Tela ya shiga dukan ƙofa da tafin hannu, har maigadi ya ji daga sama.

"Ku yi haƙuri!" ya ƙwala ta ramin liftar. "Daga ɗakin inji ake sauke ta, ɗakin kuma a kulle yake. Mai gyara kaɗai ke da makullin. Lambarsa na nan a manne ciki, ku duba!"

Suka duba sama, suka duba ƙasa, ba su ga komai ba. Dattijuwar kuwa ta samu abin yi. Ta wanke mai gyaran nan tas, ba ta rage masa komai ba: macuci, mai cin kuɗin aiki ya kwanta, Allah ya haɗa ta da shi ido da ido. Tela yana ta cewa amin. Sai-gobe ma ya ce amin, can ƙasan maƙoshi, hannunsa a aljihu yana murza wani tarin makullai.

Saura minti tara. Numfashin dattijuwar ya fara sama-sama, ta shiga laluben abin da za ta dafa.

"Malam, matsa mata ta jingina mana," in ji tela.

"Ai ga wuri can."

"Can babu ƙarfen riƙewa. Haba, sa'ar mahaifiyarka ce fa!"

Sai-gobe ya dubi tsohuwar, ya dubi agogo. Ya matsa a hankali, kamar wanda ake ɓamɓarewa daga bango.

Ga takardar nan a inda bayansa yake, gumi ya jiƙa ta. An rubuta cewa an duba liftar watan jiya, komai lafiya lau, ga sa hannu, ga lambar waya a ƙasa.

"Alhamdulillahi!" Tela ya zaro wayarsa yana danna lambobin ɗaya bayan ɗaya. "Yau zai ji abin da bai taɓa ji ba. Inna, ke za ki fara ko ni?"

Ya kara a kunne. "Tana shiga."

Sai-gobe ya runtse ido.

Daga cikin aljihunsa, kusa da makullan nan, waya ta fara ruri.