Galan Ɗin Fetur a Zaure

Bayan la'asar na iske galan ɗin fetur a zaurena, an lulluɓe shi da buhun albasa.

Wata biyu ke nan da ɗana ya kafa sola bisa rufi, ya jera batura a ɗaka. Na yi faɗa kan tsadarsu, ya ce, "Baba, janareta kullum sai ya sha, wanga kuwa sau ɗaya za ka saya." Gidan ya yi tsit. Fanka na juyawa kamar a mafarki, har kurciyoyin bayan garin Aliero nake ji.

Ashe unguwa ta ji shirun, ta ɗauka karayar arziki ce.

Maƙwabcina mahauci, abokin ƙuruciyata, ya leƙo yana kallon ƙasa. "Alhaji, kowa na shiga wanga hali. Tada injinka, kada mutane su gane."

In na faɗa mai gaskiya, kunya za ta hana shi sake taka zauren nan.

Na kakkaɓe janareta, na zuba fetur ɗin da ya kawo, na ja igiya. Muka zauna cikin hayaƙi da ƙara, yana murmushi. Wayar injin kuwa tana yashe a ƙasa, ba ta haɗe da komai.