Wuyan kyanwar da biro ya kasa

Ina aji huɗu a unguwarmu ta Rusaifa lokacin da Baba ya shigo bayan la'asar da mujallar zane guda biyu. Labarin ɗaya ne, na kyanwar nan mai jar hula da yake karantawa tun yana yaro, amma bangon daban. Nasa irin na da ne, nawa kuwa sabo mai sheƙi, wanda aka yi don jawo irinmu.

Goggo, yayar Baba, ba ta barin hoton mai rai a gidan sai ta ja masa layi a wuya. Ta ja wa na Baba. Ta juyo kan nawa, biro ya yi ta santsi a kan sheƙin. Na sa babban yatsa na goge ɗan abin da ya kama.

"Yalla, maza miƙo nan, ya binti, 'yar nan!"

"Wallahi Goggo, wannan nawa ne. Ki yanka na ƙaninki."

Na sha rankwashi har biyu, ban saki ba. Allah ya jiƙan Goggo, ina kewarta. Amma mujallar tana nan a ɗakina, kuma wuyan kyanwata lafiya lau.