Tiyo Huɗu

Taraktar na nan inda aka bar ta kwana goma sha tara da suka wuce, a gindin ɗorawa, bokitin lodarta, abin kwasar kaya da ake ɗaura mata a gaba, kife a ƙasa. Wani ya zuba yashi a gabansa. Iyatu ta kawar da kai daga yashin.

A nan Andrew, mai gonar, ya mutu, kuma mijinta Ilyasu ne ke kan kujerar direba. Tun ranar yake tsare. Jibi za a kai shi kotu bisa zargin kisan kai, domin leburori sun ji su suna cacar baki da safen: Ilyasu ya tafi jana'iza Zariya ya ƙara kwana biyu, ga makullin tarakta a aljihunsa.

Maganar Ilyasu ba ta taɓa canzawa ba. Da zai tafi, lodar na rataye da sarƙa a reshen ɗorawa, an kwance ta saboda huɗa. Da ya dawo ran Litinin, ya tarar an ɗaura. Andrew ya shiga ƙarƙashin bokiti yana kwance sarƙar, ya ce a ɗaga. Ilyasu ya ja libar ɗagawa baya, yadda ya saba ja shekara shida. Bokitin ya sauko.

Ba wanda ya saurari Iyatu sai wani mai sayar da kayan gyara a Utako. Shi ya zana mata a bayan kwali: tiyo huɗu ke kai mai daga tarakta zuwa loda, in aka musanya biyu wajen ɗaurawa, ka ja sama ta tafi ƙasa. Ran Lahadi aka ɗaura lodar, ranar da leburori ba sa zuwa, don haka kowa ya ɗauka Andrew ne ya ɗaura abinsa. In tiyon na musanye, Ilyasu ya fita daga zargi. Mutumin ya ƙara da cewa duk Abuja ba wanda ya san irin wannan ƙaramar tarakta kamar wani bakanike, Malam Yamusa na Masaka.

Sau biyu Malam Yamusa yana ce mata aiki ya yi masa yawa. A na uku ta durƙusa cikin baƙin mai, goyo a bayanta. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya tambayi su wa za su kasance a wurin. Ta ce ita da Sufeto mai bincike ne kawai. Matar mamacin tana ƙauyensu tana zaman makoki. Ya ce to, zai zo.

Ya kuwa cika alkawari. Da hantsi ya sauka a gonar, can bayan Dutse Alhaji, ya gaida Sufeto, ya zagaya bayan rumfa ya jawo tsani. Karen gonar, wanda ya hana Iyatu sakat tun safe, ya ɗaga kai ya mayar.

"Malam, ba za ku fara gwada libar a yadda take ba?" in ji Iyatu.

"Baiwar Allah, injin da ya ci rai ba a tada shi sai an kwance an duba. So kike ya ƙara wani?"

Sufeto ya matsa baya taku biyu, ya ce a yi yadda bakanike ya ce.

Ta tsaya tana kallon aikin, zuciyarta cike da godiya. Ya ɗaure hannuwan lodar da sarƙa a reshe. Ya buge manyan ƙusoshi biyu da guduma, suka fita. Ya tsuguna a gefen injin, faɗin bayansa ya rufe wurin, ta ji ƙarar tiyo suna fita ɗaya bayan ɗaya, har huɗu. Ya jera su a kan buhu, ya wanke bakunansu da fetur, ya hura, ya ɗaga kowanne ya nuna wa Sufeto: ba tsaga, ba toshewa. Rana ba ta yi zafi ba tukuna, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Mayarwa ta fi ɗaukar lokaci. Sau biyu yana bin kowane tiyo da yatsa tun daga tushe kafin ya cusa. Ya mayar da ƙusoshi, ya kwance sarƙa, ya karɓi makulli a hannun Sufeto ya tada injin.

"Yallaɓai, ja da kanka."

Sufeto ya ja liba baya. Bokitin ya tashi sumul, yashi na zuba daga bakinsa, har ya tare rana. Ya tura gaba, ya sauko. Sau uku.

"Madam, kin gani da idonki," in ji Sufeto. "Ke kika kawo shi, ba mu ba." Ya rubuta cewa injin lafiyarsa lau, Malam Yamusa ya sa hannu, motar Sufeto ta fita ta bar ƙura.

Iyatu ta zauna a kan saiwar ɗorawa. Shekara tara da aure, yau ne karo na farko da ta tambayi kanta ko Ilyasu zai iya kisan kai. Malam Yamusa yana tura sifanu cikin jaka da sauri, bai dube ta ba.

Sai ga ɗan acaɓa ya sauke wata mata cikin baƙaƙen kaya a bakin ƙofa. Justina ce, matar Andrew, ta zo kwashe kayan mijinta. Ta wuce Iyatu kamar ba ta gan ta ba. Da ta ga bakaniken kuwa, fuskarta ta ɗan saki, ta sa hannu a ƙirji.

"Oga Yamusa, sannu. Ka ga abin da ya same mu. Yau kam dole ka zauna ka ci abinci. Ran Lahadin nan da ka zo ka ɗaura masa loda, ko ruwa ba ka sha ba ka tafi."