Murya Biyu a Ƙaho Ɗaya

Tunda ka ce kai kaɗai ka isa riƙe aikin nan, zauna ka ji abin da ya sami wani mai busa.

A cikin 'yan badujala na wani barikin soja akwai mutum biyu masu busa ƙahon nan na Turawa, wanda aka naɗe kamar gammo, bakinsa buɗe kamar tasa, mai busa yana cusa hannun dama a ciki. Ɗaya ke ɗaukar muryar sama, ɗaya ta ƙasa. Tare aka ɗauke su aiki, tare furfura ta fara fito musu, in suka haɗa busa ko manyan hafsoshi sai sun daina hira. Amma na saman yana da ciwo a zuci: bai taɓa jin an yabe shi shi kaɗai ba. Kullum sai dai a ce, "Kai, mutanen nan biyu sun iya!" Wannan biyun ita ta tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi, don a ganinsa shi ke busa, abokinsa ɗan rakiya ne kawai.

Ana nan sai ya gano wata dabara. In ya busa sauti ɗaya da leɓɓansa, ya kuma rera wani daga maƙogwaro zuwa cikin ƙahon a lokaci guda, sai murya biyu su fito daga ƙaho ɗaya. In sun dace sosai, har wata ta uku ta taso can ƙasa tana kaɗawa kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ya yi ta koyo a ɓoye cikin ɗakin ajiye kayan busa, ƙofa a rufe, har abin ya zauna masa. Gwanin daɗi ne, wannan ba musu. Da abokinsa ya kira ya nuna wa, su yi mamaki su yi dariya, da shi ke nan. Ina! Sai ya jawo shugaban 'yan badujala cikin ɗakin, ya busa masa waƙa guda da tasa muryar da ta abokinsa duka. Shugaba ya riƙe baki. Da ma an dame shi da maganar ƙarancin masu gadi, sai ya ce, "To in mutum ɗaya zai iya, me ya sa muka tsayar da biyu?" Mai busa bai ce a cire kowa ba, bai kuma ce kada a cire ba. Sunkuyar da kai ya yi yana goge ƙahonsa. Ba a daɗe ba aka karɓe ƙahon abokin, aka ba shi kulki, aka kai shi bakin ƙofar bariki yana buɗe wa motoci.

Yabon da yake nema kuwa ya same shi. A ɗakin gwaji har leƙowa ake yi ta taga a ga mai murya biyu. Maƙogwaronsa ya fara zafi, yana ta fama da zuma da citta bai gaya wa kowa ba. Sai ranar tunawa da mazan jiya ta zo. Aka fita fili, matan sojojin da suka rasu suna zaune a rumfa da 'ya'yansu. A irin wannan rana akwai wurin da ganguna ke yin shiru, kowa ya sauke abin busarsa, a bar masu ƙaho su ja dogon sauti har a gama sauke tuta. Ya ɗaga ƙahonsa shi kaɗai. Ashe fili ba shi da bango. Muryar maƙogwaron da ke cika ɗaki, iska ta kwashe ta tun kafin ta kai sahun gaba. Ya ƙara mata ƙarfi, sai ta ja ta leɓen ta karkace, abin ya fito kamar kukan ɗan maraƙi. Sannan numfashi ya ƙare, tuta ko rabi ba ta kai ba. A nan ya gane abin da bai taɓa lura da shi ba duk tsawon zamansu: ko yaushe ya saci numfashi a wannan wuri, abokinsa ne ke ɗaga tasa muryar ya rufe giɓin, ba wanda ke ji. Yau babu mai rufewa. Fili ya yi tsit, sai ƙarar igiyar tuta da hakinsa. Ya waiga hagu bisa sabo, ya ga wurin abokinsa wayam. Wata tsohuwa a rumfa ta ce, da ƙarfi yadda kowa ya ji, "Ashe ko busar ma ba za a iya yi wa mazanmu ba."

Shugaban nan da ya riƙe baki a ɗaki shi ya fara cewa bai san da wannan shirme ba. Aka ɗauko samari biyu daga wani bariki. Ba a mayar da abokin ba, don mayar da shi amsa kuskure ne, manya kuwa ba sa kuskure. Shi ma mai murya biyun aka karɓe ƙahonsa aka miƙa masa kulki. Da ya isa bakin ƙofa ya tarar da abokinsa zaune a benci. Abokin bai yi masa gori ba, da ma gorin ya yi da ya fi masa sauƙi. Matsawa kawai ya yi gefe, ya ce, "Zauna, na mutum biyu ne."

Nan suka ƙarasa aikinsu. In yamma ta yi iska ta kawo busar samarin nan daga fili, kowa sai ya kau da kai, don kada ido ya haɗu. Mai murya biyun ya nemi ya ci rabonsa ya ci na ɗan'uwansa, ya tashi ya raba su duka da abin da suka iya. Ba banza Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa ba.